Idan aka kawo dokar kuɗin kwalba Saudiyya, yaya masu injin sayar da lemo za su yi?

Abu Safwan, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar injinan sayar da lemo da ruwa ce, irin waɗanda ake girkewa a asibitoci da makarantu da harabar kamfanoni. Ana ta maganar sake sarrafa shara a ƙasar nan, kuma a ƙasashe da dama hanyar da aka bi ita ce a ɗora ɗan kuɗi a kan kowane gwangwani ko gorar roba, mai saye ya biya, in ya dawo da fanko a mayar masa da kuɗinsa. Mai baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, yana da yaro a tsaye a kanta, zai karɓa ya biya. Inji kuwa babu kowa a wurinsa.

Mu ɗauki mu'assasa, wato ƙaramin kamfani, mai inji 40 a cikin Jidda, kowanne yana cin gwangwani da gora kamar 400, cinikin wani da kati wani da tsabar kuɗi. Wa doka ke ɗora wa karɓar fanko? Daga aljihun wa kuɗin yake fara fita? Sai an canja injinan, ko gyaran farashi ya isa? Kuma me ya kamata a fara gyarawa tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Riyad

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Har yanzu Saudiyya ba ta da dokar da ta ɗora kuɗin kwalba a kan kowane gwangwani. Abin da ke akwai shi ne cibiyar kula da shara ta ƙasa, MWAN, da aka kafa a 2019, da dokar kula da shara ta 2021, wadda ta ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su alhakin abin da kayansu ke zama bayan an gama amfani da su. Ta wannan ƙofa irin tsarin zai iya shigowa. Injinan da ake gani a wasu manyan kantuna masu haɗiye gora su ba da maki ba shi ba ne, domin ba a karɓi ko halala daga hannun mai saye ba tun farko. Kyauta ce kawai.

Yadda kuɗin ke tafiya bai bambanta da kuɗin kwalbar da muka sani a shagunan gida ba, sai dai layin ya fi tsawo. Kamfanin lemo ko mai shigo da shi ne ke fara biya ga hukumar da ke tafiyar da tsarin. Shi ya caji dila, dila ya caje ka, kai ka caji mai saye. Duk wanda ya karɓi fanko ya biya mai shi, hukumar ta mayar masa, a yawancin wurare har da ɗan ladan karɓa. Saboda haka kai a tsakiya kake, ka biya kafin ka sayar.

Batun wa zai karɓi fanko, a nan gizo yake saƙar, kuma kowace ƙasa da yadda ta yi da masu inji.

Jamus ce mai tsanani. Tun 2003 ake karɓar kuɗin a kan gwangwani da gorar da ake amfani da su sau ɗaya, yanzu senti 25 ne, daga mili 100 zuwa lita 3. Dokarsu ta ambaci sayarwa ta inji da sunanta: wajibi ne mai injin ya tanadi inda za a mayar da fanko a tazarar da ba ta yi wa mai saye nisa ba. Ba ta ce mita kaza ba, wannan ya sa kowa ke nema wa kansa mafita. Wani ya girka injin karɓa a gefen na sayarwa, wani ya yi yarjejeniya da kantin abincin da ke cikin ginin, wani da shagon da ke kusa. Ƙananan shaguna da ba su kai murabba'in mita 200 ba an sauƙaƙa musu, suna karɓar samfuran da suke sayarwa ne kaɗai.

A jihar Masachusets ta Amurka kuwa, inda kuɗin yake senti 5, takarda kawai ake buƙata daga mai inji. Ya manna sanarwa a jikin kowane inji cewa akwai kuɗin da ake mayarwa, ga inda za a karɓa, ga wanda zai bayar. Ba a tilasta masa ya biya a wurin da injin yake ba. Ailan da ta fara a ranar 1 ga Fabrairu 2024 ta bi kusan wannan hanya: senti 15 daga mili 150 zuwa 500, senti 25 daga nan zuwa lita 3, mai inji ya yi rajista, ya nemi a ɗauke masa karɓar fanko, ya nuna wa mai saye wurin mayarwa mafi kusa. Ostiriya ta fara a Janairun 2025 da senti 25, ita kuma ta tsaya tsakiya: mai inji ba ya karɓa, amma idan babu wurin mayarwa a kusa da shi yana biyan wani ɗan kuɗin diyya a kan kowane gwangwanin da ya sayar, tunda wasu ne za su yi masa wahalar.

Ka ga kenan doka iri ɗaya ce a suna, amma wani ta ci masa kuɗin sitika, wani ta ci masa sabon inji da direba da mota. Bambancin yana cikin layi biyu ko uku na ƙa'idojin aiwatarwa, inda aka fayyace wane ne mai sayarwa da wanda aka ɗauke wa. A nan ƙasar ana sa daftarin dokoki a dandalin Istitlaa don jin ra'ayin jama'a kafin a zartar. Ranar da irin wannan daftari ya fito, masu inji su shiga su rubuta, ko su bi ta majalisar 'yan kasuwa ta garinsu, su nemi a ambaci inji a sarari. In aka yi shiru a kansa, ƙa'idar da aka rubuta don babban kanti ita za ta hau kanku.

Hajiya Ummu Faisal, Madina

Malam ya gama da ɓangaren doka. Ni lissafi zan yi maka, Abu Safwan, da adadin da ka bayar. Halala 25 (rubu'in riyal) da zan yi amfani da ita misali ce, ba wanda ya yanke ta.

Inji 40, kowanne 400, gwangwani 16,000 kenan a cikin injina. A halala 25, riyal 4,000 ne kwance. Ka ƙara kayan sito, mu ce 20,000, riyal 5,000. Jimla riyal 9,000 sun fita daga jarinka ranar farko, kuma ba za su dawo ba muddin kana harkar, domin duk katan ɗin da ka sayar wani za ka saya a madadinsa. In aka yanke halala 50, ka ninka. Wannan ba asara ba ce, jari ne aka ɗaure. Asarar tana wasu wurare uku da mutane ba sa kula da su.

Mafi girma shi ne kamashon mai wuri. Yawancin yarjejeniyoyi cewa suke yi mai wuri yana da kaso kaza na jimillar ciniki, kuma jimillar da ake nufi ita ce lambar da inji ya ƙirga. Gwangwanin riyal 3 ya koma 3.25. Idan kamasho kashi 15 ne, za ka biya halala 3.75 a kan kuɗin da ba naka ba, a kowane gwangwani. Inji 40 masu sayar da 50 a rana suna yin 60,000 a wata, kenan riyal 2,250 duk wata suna tafiya ga masu wuri a banza. Ba sabon abu ba ne. Haka ta faru a Yunin 2017 da aka sa harajin kashi 50 a kan lemo mai gas da kashi 100 a kan lemon ƙarin kuzari, haka kuma a Yulin 2020 da VAT, harajin da ake ɗora wa kayan saye, ya tashi daga kashi 5 zuwa 15: farashi ya hau, ribar mai inji ba ta motsa ba, kamasho kuwa ya bi farashi. Maganinsa jumla ɗaya ce a duk yarjejeniyar da za ka sabunta daga yau: ana lissafin kamasho ne bayan an cire VAT da duk wani kuɗin ajiya ko na muhalli da hukuma ta ɗora ko za ta ɗora. Yanzu da babu dokar, ba wanda zai yi maka gardama a kan jumlar. Bayan ta fito, kowa ya farka.

Na biyu VAT ɗin kansa. A Jamus kuɗin kwalba yana ɗauke da VAT, a Ailan ba a cajin VAT a kansa wajen sayarwa. Idan aka bi hanyar Ailan, dila zai rubuta maka shi a layinsa daban ba haraji. Kai kuma in rahoton injinka ya haɗa komai a 3.25, akawunka zai fitar da 15 cikin 115 na dukkan kuɗin ya kai wa hukumar haraji, ZATCA. Halala 3.26 kenan a gwangwani, kusan riyal 1,950 a wata a wancan ciniki, kuma babu harajin saye da za ka cire a kai. Don haka ka tambayi kamfanin da ke ba ka manhajar bibiyar injina, tun yanzu, ko kowane samfuri yana iya ɗaukar gurbi biyu, farashi daban, kuɗin kwalba daban. A littafi kuma ka buɗe masa asusunsa, kada ya taɓa shiga layin kuɗin shiga.

Na uku kayan da ba su kai ga mai saye ba. Wanda ya ƙare wa'adi, wanda ya fashe a mota, wanda direba ya fitar don gwada inji, wanda aka sace. Duk ka riga ka biya kuɗin kwalbarsu. Wanda ya lalace da wanda wa'adinsa ya wuce, ko dai dila ya karɓa ya rubuta maka takardar ragi da ta haɗa da kuɗin kwalba, ko ka zubar da abin ciki ka kai fanko da kanka. Ka sa wannan a yarjejeniyarka da dila.

Kuɗin na'urar kati ma zai ɗan ƙaru tunda kaso ne na abin da aka cira, amma shi ɗan kaɗan ne, kada ya hana ka barci.

Injiniya Abu Hamza

Sannu da ƙoƙari Hajiya. Abu Safwan, injinanka ba sa buƙatar canji, amma wanda ya ce maka danna farashi ne kawai bai taɓa buɗe ƙofar inji ba.

Fara da canjin kuɗi. Mutum ya sa takardar riyal 5 ya sayi na riyal 3, sulai ɗaya na riyal 2 ya sallame shi. A 3.25 canjinsa 1.75 ne: riyal 1, halala 50, halala 25, sulalla uku daga bututu uku. Na'urar canji bututu huɗu zuwa shida gare ta, kuma da yawa an jera su ne da riyal 1 da riyal 2 da halala 50, babu na 25 sam. Ko akwai, mutane ba sa jefa halala 25 a inji, don haka bututun ba ya cika kansa, fita kawai yake yi. Da ya ƙare, inji zai nuna sai da kuɗi daidai, ya rufe bakin karɓar takarda, ciniki ya tsaya alhali inji cike yake da kaya. Sai ka canja jerin bututu, ka shigar da sabon jerin a saitin na'urar, direba kuma ya riƙa yawo da ƙullin halala 25 daga banki. Idan aka yanke kuɗin a halala 10 ko 20 abin ya fi muni, saboda a tsarin MDB, wanda inji ke magana da na'urar kuɗi ta cikinsa, ƙaramin sulen da na'urar ta sani shi ke ƙayyade matakin farashi. Injin da ke karɓar katin banki na Mada kaɗai ba ruwansa da wannan duka, kuma ina ganin irin wannan doka za ta ƙarasa kashe tsabar kuɗi a injina. Kada ka ce za ka zagaye farashi zuwa 3.50 don huta wa canji. Mai saye zai ga halala 50 ta hau, ta 25 kaɗai za a mayar masa.

Sai tsohon kaya. Kowane zaɓi a inji farashi ɗaya yake ɗauka, kuma ba ka da ikon cajin kuɗin kwalba a kan gwangwanin da babu tambarin tsarin a jikinsa, don injin karɓa zai tofar da shi. Ailan ta ba da wata huɗu, zuwa ƙarshen Mayun 2024, a sayar da tsohon kaya. Hanyar da ke aiki ita ce layi-layi: kada a zuba sabo a kan tsoho, a bar layi ya ƙare ko a kwashe ragowarsa a tara su a inji ɗaya mai saurin ciniki, sannan a cika da sabo, a canja farashi da sitika a ziyara guda. A injin da ake lodawa ta sama yana fitarwa ta ƙasa, in aka haɗa, na ƙasan za su fita a sabon farashi ba tambari, ƙorafi kenan. In kana da manhajar canja farashi daga ofis, kada ka tura wa injina 40 lokaci ɗaya, ka bi direba.

Kuma ba komai ne zai shiga tsarin ba. Jamus da Ailan duka ba su sa kwalin jus ba. Ailan ta bar madara da kwalbar gilashi a waje, Jamus kuwa ta shigar da madara ta gorar roba a 2024. Inji ɗaya a nan yana da ruwa, lemo, laban (nono) da jus na kwali, don haka kowane zaɓi sai an rubuta masa nasa: farashi kaza, kuɗin kwalba kaza, ko babu.

Injin karɓar fanko kuwa, ban ba ka shawarar saye ɗaya ga kowane injin sayarwa ba. Yana karanta bakod, ya duba siffa da nauyi, sannan ya murƙushe don kada a sake dawo da abu ɗaya. Gorar da takardarta ta saɓule ba ya karɓa, kuma raɓar Jidda a kan gora mai sanyi tana saɓule takarda. Wadda aka matse ko aka bar ruwa a ciki ma ba ya karɓa. Yana son soket nasa daban da na kwampreso, da layin intanet, da wanda zai goge bel da gilashin kyamara kullum, domin ragowar lemo a zafin nan ba ya kwana bai kira ƙuda da tururuwa ba. Wanda ba ya murƙushewa ya fi araha, amma buhu mai lita 120 ba zai ci gwangwani fiye da 200 ba in ba a matse su ba. Ga lissafin lada: a jihar Niyok ta Amurka ana biyan senti 3.5 a kan kowane fanko, a jihar Mishigan ba a biyan komai. Mu ce nan a ba da halala 5. Inji mai sayar da 50 a rana, ko duk sun dawo, riyal 75 ne a wata. Bai biya wutar da sabulun ba. Inda yake da ma'ana shi ne rufaffen wuri, kamar ma'aikata ko jami'a ko masaukin ma'aikata, inda injin karɓa ɗaya zai ɗauki na injin sayarwa takwas ko goma.

Abu Safwan, Jidda

Allah ya ƙara ilimi. Abu ɗaya ya rage mini. A Makka da Madina yawancin masu saye baƙi ne, su sha su wuce, ba za su nemi wurin mayarwa ba. Kuɗin da ba a zo an karɓa ba, ba mai inji ne zai ci ba?

Ɗan Shara Mansur, Makka

A'a Alhaji, ko halala ba za ka gani ba. Kai ka biya dila 25, ka karɓi 25 daga mai saye, lissafinka ya rufe tun a nan. Wanda bai dawo ba yana can sama wurin wanda ya fara karɓa. A Niyok gwamnatin jiha ke ɗaukar kashi 80. A Mishigan kashi 75 na jiha ne, 25 a raba wa masu shagunan da ke karɓar fanko. A Jamus yana zama wurin kamfanonin da suka fara sa kayan a kasuwa, a Norwe kuma cikin asusun Infinitum, kamfanin da ke tafiyar da tsarin. Sai fa idan kai ne ke shigo da wani lemo daga waje da sunan mu'assasarka. A nan ka zama mai farawa, kuma wannan nauyi ne kafin ya zama riba: rajistar kowane bakod, buga tambari, rahoton adadi duk wata, biya kafin sayarwa.

Wannan ya shafi masu sayen kaya a wurin 'yan sari ma. Lemo iri ɗaya yana yawo tsakanin ƙasashen Gulf, wani bakod ɗinsa ya fara da 628 na Saudiyya, wani 629 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yau ba wanda ya damu. Da an fara tsarin, katan mai araha da bakod ɗinsa ba ya cikin rajista ya zama kayan da ba za ka iya sa wa a inji ba. Shi ya sa Jamus ke buga tambarinta da tawada ta musamman da inji ke ganewa.

Ban yarda fanko zai zauna a ƙasa ba don baƙo bai mayar ba. Gwangwani kamar 70 ke yin kilo ɗaya. A halala 25, kilon ya zama riyal 17.5, ya ninka abin da masu sayen ƙarafa ke biya. Masu shara da masu tsince-tsince za su kwashe shi kafin ya huce. A nan nake ƙara wa maganar Injiniya: in ka girka injin karɓa a buɗaɗɗen wuri kusa da otal-otal, ba fankon injinka zai cika shi ba, buhunan unguwa ne, har da gorunan ruwan sabil da ake rabawa sadaka, kuma kai za ka fara biya ka jira hukuma ta mayar maka. Kwandon shara da ke gefen injinka ma ya zama akwatin kuɗi, za a riƙa zazzage shi a bar maka datti a gaban inji, mai wuri kuma kai zai kira. Ka sa kwando mai ƙaramin baki da makulli, ko ka rataya buɗaɗɗen raga a gefe don gora da gwangwani kaɗai, mai so ya ɗauka ba tare da ya tona shara ba.

In kuwa doka ta tilasta direbobinka su kwaso fanko, buhu ya zama mai lamba da hatimi, a rufe shi a wurin, a rubuta lambar a takardar ziyara, a ƙirga a sito ba a mota ba. Kuma a ware masa sashe a bayan mota da katanga tsakaninsa da katan-katan ɗin da za a loda, don ruwan da ke tsiyaya daga buhu yana jiƙa kwali, kuma mai duba abinci na baladiyya, wato hukumar gari, ba zai ji bayani ba in ya ga shara da abin sha a wuri ɗaya.